Shirin Hawan Dutsen Kilimanjaro

Yau zan yi muku magana a kan wani dutse da ke ƙasar Tanzaniya, can gabashin Afirka, kusa da iyakar Kenya. Sunansa Kilimanjaro. Duk Afirka ba dutsen da ya kai shi tsawo. Idan aka auna daga bakin teku, tsawonsa mita 5,895 ne, watau ƙafa 19,341. Dutsen da ya fi tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi na Jihar Taraba, mita 2,419 ne. Kun ga ko rabinsa bai kai ba.

A shekarar 1887 wani Bajamushe, Hans Meyer, ya gwada hawa. Da ya iske ƙanƙara sai ya juyo, don ba shi da kayan hawanta. Ya koma ya yi shiri sosai, sa'an nan a 1889 ya kai ƙololuwa. Yanzu kowace shekara mutane da yawa suna zuwa hawa. Waɗansu su kai, waɗansu a sauko da su ranga-ranga, har akan yi hasarar rai. To, in wata rana ɗanka ko ƙanenka ya ce zai tafi, ga abin da za ka gaya masa.

Da fari, ya je likita ya duba shi. Mai ciwon sikila kada ya kuskura ya hau. Mai ciwon zuciya ko na huhu kuwa, sai abin da likita ya ce. A yi masa allurar shawara, ya riƙe katin shaida tare da fasfo da biza.

Na biyu, ya zaɓi lokaci. Daga Maris zuwa Mayu damina ce a can, a Nuwamba ma ana ruwa. Ya tafi a Janairu ko Fabrairu, ko kuwa tsakanin Yuni da Oktoba. Tun saura wata biyu ko uku ya riƙa doguwar tafiya a ƙasa da kaya a baya, jiki ya saba.

Na uku, kaya. Sanyin can ya fi na hunturu nesa ba kusa ba, har ruwa yakan daskare a gora. Ya nemi riguna masu kauri da zai sa ɗaya bisa ɗaya, da rigar ruwa, da safar hannu, da hula mai rufe kunne. Kada ya tafi da sabon takalmi, zai ci masa ƙafa. Ya riƙe baƙin tabarau saboda hasken rana, da tocila, gama da tsakar dare a ke tashi hawan ƙarshe.

Amma babban abin tsoro shi ne iska. Ko da yaushe mutum ya ƙara hawa, iska tana ƙara raguwa. A ƙololuwa, numfashi ɗaya ba ya ba jiki sai kamar rabin abin da ya ke samu a bakin teku. Ƙarfi ba ya maganin wannan. Ƙato majiyi ƙarfi yakan faɗi, dattijo mai tafiya a hankali ya wuce shi. Jiki yana son kwanaki kafin ya saba. Saboda haka hanyar kwana bakwai ko takwas ta fi ta kwana biyar, ko da ta fi tsada. Doka ta hana hawa ba tare da ɗan jagora ba. Su 'yan jagoran kullum cewa su ke yi "pole pole". Da Swahili ke nan, ma'anarsa sannu sannu.

Ya riƙa shan ruwa da yawa, ya ci abinci ko ba ya marmari. In ya ji ciwon kai, ko tashin zuciya, ko barci ya ƙi, kada ya ɓoye don kunya. Ya gaya wa jagora, ya dakata da hawa. In kuwa ya fara tangaɗi kamar mashayi, ko magana ta rikice masa, ko yana haki alhali yana zaune, a sauko da shi nan da nan, ko da dare ne. Kada a jira gari ya waye.

Jama'a, kuɗin da ya kashe ba su kai ransa ba. Dutse yana nan, ba inda za shi. Wanda ya sauko da rai ya iya komawa baɗi. Ku gaya masa sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyaye mu, amin.