Ƙaramin Akwati, Ƙarancin Ƙara: Yadda Ake Zaɓar wa Kwamfutar Tebur Gida

Tun shekarar 2001 da kamfanin VIA na Taiwan ya fito da madabod samfurin Mini-ITX, mai santimita 17 tsawo da faɗi, masu haɗa kwamfuta ke ta rage girman akwati. Sai dai rage girma abu ne daban, rage ƙara abu ne daban. Abin da wannan takarda ta tsaya a kai shi ne: zafi ke haifar da ƙara, don haka a fara lissafin zafi kafin a kalli kyan akwati.

Duk wutar da furosesa da katin hoto suka ci, zafi take komawa, kuma fanka ce ke fitar da shi. Ƙaramar fanka sai ta yi gudu sosai kafin ta tura iskar da babba, mai milimita 120 ko 140, ke turawa a natse. Wannan gudun ne kukan da ke hana ma'aikaci sakat a ofis. Kuma kunne ba ya raina ƙari: desibel 10 kacal aka ƙara, sai mutum ya ji kamar ƙarar ta ninka.

A nan ne girman akwati, da ake aunawa da lita, ke da magana. Akwatin Dan A4-SFX, mai lita 7.2, ya burge jama'a, amma abin sanyaya furosesa da ya wuce milimita 48 ba ya shiga cikinsa. Dole a nemi gajere irin Noctua NH-L9i mai milimita 37, wanda ba a yi shi don furosesa mai cin wuta da yawa ba. Terra na kamfanin Fractal Design, lita 10.4, ya ɗan fi sarari. Shi kuwa Cooler Master NR200 da ya fito a 2020, kusan lita 18, yana ɗaukar mai sanyaya har milimita 155 da manyan fankoki sama da ƙasa. A ganin mai wannan takarda, wanda ƙara ta fi damunsa a kan wannan girman ya kamata ya tsaya, ko da akwatin zai ci wuri kaɗan a tebur.

Akwai kuma akwatuna marasa fanka sam, irin na Streacom, inda bututun tagulla ke kai zafi zuwa jikin akwatin na alminiyam. Shiru kam cikakke ne, amma sun fi dacewa da aikin rubutu da lissafi.

Wanda zai yi aiki a Kano ko Damagaram, inda zafin bazara kan kai digiri 40, bai kamata ya ruɗu da akwati rufaffe mai soso a ciki ba. Iska yake toshewa, fankoki su ƙara gudu. Mai raga ya fi, tare da matatar ƙura da ake cirewa a wanke, domin ƙurar hunturu ba ta jimawa take toshe ta. Kafin a biya kuɗi, a duba ko akwatin na buƙatar ƙaramar na'urar wuta samfurin SFX, a kuma auna tsawon katin hoto da ma'auni.