Baƙin Tsuntsayen Tiga da Sunayen da Ba Mu Ba Su Ba



Wani zai ce me ya haɗa malamin Hausa da kallon tsuntsaye? To, suna ne ya haɗa mu.

Duk wanda ya yi sammako da hunturu ya tsaya a bakin madatsar ruwa ta Tiga, a ƙasar Bebeji, wadda aka gama ginawa a 1974, zai ga balbela da zalɓe da kirinjijiya, da takabado yana taka ganyen bado kamar ƙasa. Waɗannan duk Bahaushe ya raɗa musu suna, wasunsu ma har da kirari. Shamuwa kuwa, da yake ita ce mai busharar damina, ko yaro ya san ta.

Amma fa akwai wasu baƙi. A kan taɓo akwai masu dogon baki da siraran ƙafafu, suna tsattsagar laka. A cikin ciyayin gaɓa kuma akwai 'yan mitsi-mitsi masu ruwan ƙasa, nauyin wasunsu bai fi giram 10 ba. Daga Turai suke. Sukan ƙetare Bahar Rum da Sahara su iso bayan damina, su tara kitse, su juya wajen Maris da Afrilu. Sa'ad da nake karatu a Ingila na ji masana suna ba da labarin yadda wani irinsu ya ragu ƙwarai a can a 1969, aka bi sawu, ashe farin da aka yi a yankin Sahel ne sanadi. Watau farinmu har gonakinsu ya kai. Su sun bambanta kowanne da sunansa, mu kuwa 'yan boko sai mu ce "wani ɗan tsuntsu", shi ke nan.

Ban yarda cewa sunayen babu su ba. Bargery ya tara sunayen tsuntsaye da dama a ƙamusunsa na 1934, daga bakin mutane ya ji su. Ina kyautata zaton saura na nan wurin masunta da mafarauta da makiyaya, yawancinsu kuwa tsofaffi ne, 'ya'yansu sun koma birni.

Saboda haka ina roƙon ɗalibanmu 'yan Kiru da Tudun Wada da Doguwa, idan hutu ya zo ku ɗauki littafi da alƙalami, da tabarau mai hangen nesa in an samu aro. Ku bi gaɓar Kogin Kano ta wajen Dajin Falgore tare da wanda ya san dajin. Kada ku faɗa wa tsoho suna, ku nuna masa tsuntsun, ku yi shiru. Abin da ya ce ku rubuta yadda ya faɗa, da garin, da watan.