Cikar Shekaru da Cikar Hankali

Idan Bature ya ce yaro ya yi "come of age", abu biyu yake nufi. Na farko, ya kai shekarun da doka ta ɗauke shi baligi. A Ingila da can shekara 21 ce, sai a 1970 aka mayar da ita 18. Na biyu, ya mallaki hankalinsa, shi kuwa wannan ba kalanda ke bayar da shi ba. Ku dubi matashin da mahaifinsa ya kwanta ciwo, ya buɗe shago da asuba, ya biya wa ƙannensa kuɗin makaranta, babu ƙorafi. Babba juji ne. Iyaye, mu riƙa ɗora wa 'ya'yanmu ƙananan hidimomi tun yanzu, domin da ɗaukar nauyi ake girma.