Jawabi Kan Mulufi da Allurar Inna

Uwar ƙungiya, ma'aji, iyayena da ƙannena na Tambuwal, da baƙinmu da sunka taso tun daga Kebbe da Kuchi, sannunku da hanya.

Ni 'yar kasuwa ce, atamfa da zare nike saidawa. Wannan takarda da hannuna na rubuta ta, albarkacin ajin yaƙi da jahilci, don haka in na yi tuntuɓe a yi mini haƙuri.

Kan aikin Innarmu zan yi magana, wadda kuka ga matasanta da jakunkunanta a bakin ƙofa. Ta hana in faɗi sunanta. Jan ƙyallen nan mai kauri da take yankawa ta ɗora bisa baƙi, shi ne mulufi, irin wanda ake yi wa kayan doki ado da shi ranar hawan Salla. A gidan mijinta ta koya, gidan masu ɗinkin kayan sirdi, tana tsintar guntayen da maza sunka zubar.

Na tambaye ta mi ya sa ba ta amfani da yadi na kasuwa. Ta ce yadi in an yanka shi bakinsa zarewa yake, shi ko wanga ko dagi ka yanka a jikinsa ba ya sakin zare. Malamarmu ta aji ta ba mu dalili: gashin tumaki ne ake jiƙawa da ruwan zafi da sabulu, a yi ta murza har ya cije juna ya tsuke. Jar darar da malamai ke naɗa rawani a kai haka ake yin ta a Tunis, a saƙa ta ƙatuwa sannan a murje ta. Dā ayarin raƙuma ke kawo ta ta Agadas. Tumakinmu kuwa, uda da balami, gashinsu ba ya yin ulu, shi ya sa kullum sayowa muke.

Ta kuma nuna muna a waya matan Kirgizistan masu yin shimfiɗa da irin wannan ulu, aikin da UNESCO ta sa cikin gadon da ake tsoron ɓacewarsa a 2012. Inna ta duba ta ce, to ai 'yan uwana ne.

Zanen da take yi ba daga littafi ya fito ba. Wani daga faifai, wani daga sassaƙar ƙwarya, wani daga lallen amare. Akwai matashi rabi baƙi rabi fari, ta ce ragon uda ta kalla. Jan kuwa, ta ce yana tuna mata jajin 'Yan Taru na Nana Asma'u, masu malfa da jan ƙyalle a ɗaure.

Ga abin da ya dame ni. Idon Inna ya fara rauni, jikarta ke zura mata zare. Babu ko zane guda da anka kwafa a takarda, kuma babu yarinyar da ta zauna ta koya. Dillalai suna saye a hannunta da araha, su kai Sakkwato su ninka.

Roƙona biyu ne. A cire wani abu daga adashin bana a sayo mulufi a dunƙule, a zaɓi 'yan mata biyar, uku nan biyu Kebbe, su zauna gabanta bayan la'asar. Mu 'yan aji kuma mu ɗauki nauyin kwafe zanen da rubuta sunan kowanne. Littafi da fensir ni zan saya. Mai son sa 'yarta ta ga ma'aji kafin a raba abinci.