Sunanki Ya Fita, Ko Da Ke Ba Ki Fita Ba

 

Yau maganarmu a kan sanayya ce, wato yadda za a san ki, a san abin da hannunki ya iya, alhali kina cikin ɗakinki. Sau da yawa in an tambayi mace me ya durƙusar da sana'arta sai ta ce jari. Ni kuwa a ganina rashin masu saye ya fi rashin jari kashe sana'ar matan kulle. Kin matse man gyaɗa mai kyau, ƙuli-ƙulinki ba ya da na biyu, amma wa ya sani? Kishiyarki da maƙwabta gida uku. Daga nan sai a ɗora wa yarinya tire, ta bar allo da boko ta yini cikin rana.

Ki dubi inda Allah ya ajiye mu. Madatsar ruwa ta Goronyo, an gama gina ta a 1984, aka buɗe ta a 1992, kuma ga fadamar Wurno. Damina ta wuce, noma bai wuce ba: shinkafa, alkama, albasa, tafarnuwa, tattasai. Inda ake noman rani kuwa akwai 'yan ƙwadago masu neman abincin rana, akwai fatake masu zuwa da motoci, akwai shinkafar da ke jiran a gyara ta. Kuɗi na wucewa ta ƙofar gidanki, Hajiya, bai dai san sunanki ba ne.

Kada wata ta ce wannan sabon abu ne na 'yan boko. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello na kwance a nan Wurno tun 1837, ita ma ta tarar da matan aure ba sa iya barin ɗakunansu su zo ɗaukar karatu. To me ta yi? Ta zaɓi dattijai amintattu, ta naɗa su jaji, ta ba kowace malafa da jan rawani. Jaji ta taho daga ƙauye da tsofaffi da 'yan mata, su ɗauki karatu, su koma su shiga gida gida su isar. Su ne 'Yan Taru. Ki lura da malafar nan: duk wanda ya hango ta ya san wace ce wannan, ya san wa ya aiko ta, ya san abin da ta kawo. Aikin da katin sana'a yake yi ke nan a yau.

Katin nan 'yar takarda ce mai kauri da ba ta kai tafin hannu ba. Masu buga katin aure a Sakkwato su ne ke buga shi, kuma in kuɗin ya yi miki yawa, a yanka miki hatimin roba sau ɗaya, ki riƙa bugawa a farar takarda kina mannawa a jikin kwalbar mai ko ledar yaji. Abu uku ya ishe ki: me kike yi, wane gari da unguwa, sai lambar waya. In da hali a rubuta da boko a rubuta da ajami, don da yawa cikin masu sayen kayanmu ajami suka fi ganewa. Ban da hotonki, ban da kwatancen ƙofar gida. Mun san halin tsaron da yankinmu ya shiga a shekarun nan, ba sai na faɗa ba. Wanda ya kira da gaske, a haɗa shi da maigida ko ɗanki ko ƙaninki su kai masa.

Maganar maigida kuwa, kar ki buga komai sai kun zauna. Lambar wa za a sa? Ƙarfe nawa za a riƙa kira? Na fi son a ware layi guda don sana'a, a yi masa rajista da lambar shaidar ɗan ƙasa taki, kowa a gidan ya san na ciniki ne. Wata rigimar da ake kai wa gaban alkali, in ka bi salsala, ƙarar waya ce da ta yi bayan isha'i.

To, kati ya samu, hannun wa zai shiga? A nan ne nake son ki ba ni kunnenki sosai. Wani malamin nazarin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya fitar da rubutu a 1973 bayan ya bi diddigin yadda mutane suka sami aiki. Abin da ya gano shi ne, labarin aiki ya fi zuwa daga waɗanda ake haɗuwa da su jefi-jefi, ba daga aminan da ake tare kullum ba. Dalilin a fili yake. Aminiyarki ta san waɗanda kika sani, ta ji abin da kika ji. Amma ƙanwar mijin ƙawarki da ta zo suna daga Illela ko Gusau, ita duniyarta daban ce, mutanenta daban.

Ke nan gidan biki da gidan suna da makarantar Islamiyya ta matan aure ba wurin gaisuwa kaɗai ba ne. Mun saba mu shiga mu nemi 'yan ɗakinmu mu zauna a tabarma ɗaya har a watse. Gwada ki matsa kusa da baƙuwar da ba ki sani ba, ki tambaye ta mutanen gida, ki tambayi me take taɓawa. In hira ta kawo, ki ce ni ma ina ɗan yin kaza, ga ɗanɗano, ga lambata. Amma don Allah ban da gidan makoki. Na ga masu yi, kuma ba ya da kyau.

Sannan akwai mutanen da su ƙafarsu tana shiga ko'ina: dillaliya, uwar adashi, ungozoma, mai kitso, malamar Islamiyya. Mace ɗaya cikinsu ta yarda da ke ta fi kati ɗari. Sai dai yarda ba a roƙonta. Mudunki ya cika, ranar da kika ce ranar ce, in kaya sun sami matsala ki faɗa kafin a gani. Kuma ki riƙa bayarwa kafin ki nema. An tambaye ki ɗinki, ke ba ki yi, ki ce ga wance ta iya. Ita ma rana na nan da za a tambaye ta mai man gyaɗa.

Bari in juya ga ƙannena da suka yi karatu, wata ta gama Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, wata makarantar koyon aikin lafiya ta Gwadabawa, aka yi aure, takardu suka shige ƙasan akwati. In maigida ya amince ki yi aiki, fara da fito da su. Satifiket, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, lambar shaidar ɗan ƙasa, a yi musu hoto kala uku-uku a sa a jaka guda. Na ainihin ba a barin su a hannun kowa. Ki rubuta tarihin karatunki da aikinki a shafi ɗaya, ki sa sunayen mutum biyu da za su shaide ki, amma ki nemi izininsu tukuna.

Daga nan ki nemi abokan karatunki da malamanki mata, ki gaishe su, ki sanar da su kina nema. Garuruwanmu na da ƙishirwar malamai mata da ma'aikatan lafiya mata, don akwai magidancin da ba zai bar matarsa ta je awo ba sai ya ji mace ce za ta duba ta. In an ce ki fara da aikin sa kai a asibitin garinku ko makarantar unguwa, kada ki raina. Ranar da gurbi ya fito, wadda aka saba ganin fuskarta ake fara tunawa. Amma duk wanda ya kira ki ya ce ki turo kuɗi zai sama miki takardar kama aiki, ki kashe wayar, ki gaya wa maigida. An sayar da awaki da 'yan kunne saboda irin wannan kira, aiki bai zo ba.

Lokaci ya ƙure mana. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu zauna kan littafin bashi, yadda za ki rubuta wanda ya ci da wanda ya biya ba tare da zumunci ya ɓaci ba. A gaida yara, a gaida maigida. Wassalamu alaikum.