Fosole: Yadda Mutanen Meksiko Ke Dafa Masara

Yau za mu leƙa madafin mutanen Meksiko, ƙasar da ke kudu da Amurka, inda aka fara noman masara a duniya kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Masarar da muke tuƙa tuwo da ita, asalinta daga can ne. Abincin da za mu duba sunansa fosole: ƙwayar masara ce sukutum, a dafa ta cikin romon nama har ta tsage ta buɗe.

Tun da wuri in faɗa muku, yawancin mutanen ƙasar da naman alade suke yinsa, wanda Turawan Sifaniya suka kai musu bayan sun ci ƙasar da yaƙi a 1521. Musulmi ba ya cin wannan, kuma babu abin da ya rasa, domin a can ma gidaje da yawa da kaza suke yi. Ruhin abincin yana ga masarar, kuma a nan nake so ku ba ni aron kunnuwanku.

Ba sa jefa masara a tukunya haka kawai. Sai uwargida ta auno busasshiyar masara fara mai manyan ƙwayoyi, kamar kilo 1, ta zuba ruwa ya sha kanta, ta sa kamar cokali guda na wani farin gari na dutsen farar ƙasa da aka ƙona aka tace don abinci. Wasu al'ummun nahiyar Amurka ruwan tokar itace suke sawa. Ta tafasa kamar rabin awa, ta sauke, ta bar ta ta kwana a cikin ruwan. Da gari ya waye za ta ga masarar ta yi rawaya, fatar ta saki, da an murza ta da yatsa sai ta saɓule. Sai wanki, a murza a canja ruwa, a sake, har ruwan ya fito fes. Masu haƙuri kuma sukan zauna su cire ɗan kan kowace ƙwaya da farce, don ta buɗe sosai a wuta. Aiki ne na hira, ba na mutum ɗaya ba.

To, me ya sa wannan wahala? Masara na ɗauke da sinadarin bitamin B3, amma a ɗaure yake, jiki ba ya iya zuƙarsa yadda ya kamata. Wannan jiƙon ne ke kwance shi. Yana kuma rage gubar rumar da ke kama hatsin da aka ajiye da danshi. Da Turawa suka kwashi masara suka kai ƙasashensu, sun ɗauki iri sun bar dabarar, sai talakawan da suka dogara da masara zalla suka fara kamuwa da wata cuta mai suna felagra: fata ta yi baƙi ta tsattsage a inda rana ke duka, ga gudawa, ga rikicewar hankali. Wani likitan Sifaniya, Gaspar Casal, ya bayyana ta a 1735. Ta addabi arewacin Italiya, ta kashe dubban mutane a kudancin ƙasar Amurka a farkon ƙarni na 20, har sai da likita Joseph Goldberger ya nuna cewa matsalar abinci ce, ba annoba ce mai yaɗuwa ba. Matan ƙauyukan Meksiko da ba su taɓa shiga aji ba sun tsare 'ya'yansu daga wannan ciwo ɗaruruwan shekaru kafin likitoci su gano dalili. Ni kam wannan yana ba ni sha'awa ƙwarai, musamman yanzu da masara ta mamaye gidajenmu, ta ture gero da dawa a wurare da yawa.

Mu koma tukunya. A ɗora wankakkiyar masarar da ruwa mai yawa, da albasa guda da tafarnuwa, ta yi ta nuna a hankali awa uku ko fiye, har ƙwayar ta buɗe kamar gugguru. Masu girkin can ba sa sa gishiri sai ta buɗe. Daga nan a zuba nama. In kaza ce, ku jira sai masara ta kusa, don kada ta dagargaje.

Idan aka tsaya nan, an samu farin fosole. Mutanen jihar Halisko sun fi son ja: su jiƙa busasshen barkono mai kauri marar yaji sosai a ruwan zafi, su markaɗa da tafarnuwa, su tace, su soya a ɗan mai, su juye a tukunya. Busasshen tattasai zai yi muku wannan aikin. A jihar Gerero kuwa kore ake yi, da ganyaye da 'ya'yan kabewa, kuma ranar Alhamis ce ranar cinsa. Kore da fari da ja su ne launukan tutar ƙasar, kuma a daren 15 ga Satumba, jajiberin bikin 'yancin kansu, fosole na cikin abincin da aka fi ɗorawa a gidaje.

Ana zuba shi da zafinsa a kwano mai zurfi, kowa ya ƙara abin da ransa ke so: yankakken kabeji ko latas, ɗanyar albasa, garin barkono, a matsa lemun tsami.

Gargaɗi ɗaya, iyayena mata da 'yan'uwana: kada wanda ya ɗebo farar ƙasar shafen bango ko ta magina ya sa a abinci. In da ruwan toka za ku gwada, ya zama na itace mai tsabta, ba wanda aka ƙona da leda ko shara ba, a tace shi, kuma a wanke masarar sosai kafin a dafa. Ku fara da masara gwangwani biyu ku gani.