Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗalibai a Isa

 

Mai girma Sarkin Gobir na Isa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, iyaye maza da mata, da 'ya'yana da ake yayewa yau, assalamu alaikum.

Na gode da wannan karramawa. Aikin da na ƙarar da ƙuruciyata a kansa shi ne bincike da koyar da dokar yarjejeniya da tarihin shari'a a jami'a, kuma a kansa zan yi magana, domin ina neman magada a cikinku.

Kowannenku ya taɓa shiga kara. Dillali ya riƙe igiyar rago, mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, a ja, har ya ce ya sallama, a cire la'ada a gaban shaidu. Abin da muke shafe zango guda muna koyarwa a aji ke nan: tayi, da karɓa, da farashi, da yardar kowane ɓangare. A jami'a za ku karanta dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893, wadda mulkin mallaka ya kawo mana, da littafin Farfesa Itse Sagay. Ku karanta su da kyau. Amma kafin su zo, alƙalanmu na yanke hukuncin ciniki da littattafan fiƙihu, wato Risala da Muhtasar da Tuhfa.

Ga manomi da damina, rumbu ya yi ƙasa, ya karɓi kuɗin ɗan kasuwa a kan zai ba da gero da kaka. Fiƙihun Malikiyya ya kira wannan salam, ya kuma gindaya sharuɗɗa: a faɗi irin hatsin, da yawan awo, da lokacin bayarwa, kuɗi kuma kada ya wuce kwana 3 bai shiga hannun manomi ba. Yawancin rigimar da ke raba zumunci bayan girbi, ɗaya daga cikin waɗannan aka bari a duhu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma har yau muna jin nauyin cewa ɗan'uwa a rubuta.

Tarihin kuma a ƙofarmu yake. Alƙalawa, birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkam don shiryar da masu mulki da alƙalai. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka bar kotunan alƙalai amma suka rage musu iko. A 2000 jihar nan ta Sakkwato ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci. Yau ɗan kasuwar da ya ɗauki kaya daga Sabon Birni zuwa Maraɗi, da ya ƙetare iyaka ya shiga ƙarƙashin dokokin kasuwanci na OHADA, masu tushe a tsarin Faransa. Ciniki ɗaya, naira da sefa, doka iri biyu. Wa zai yi nazarin wannan fiye da ɗan da ya tashi a kan iyakar nan?

Na san halin da kuka yi karatu a ciki. 'Yan bindiga sun tashi garuruwa, sun hana noma, wasunku sun yi maraici. Duk da haka kun kai ga yau. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya dawo mana da zaman lafiya.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tana da tsangayar shari'a, haka ma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ku nema, maza da mata. Iyaye, ina roƙonku ku bar 'yan matan nan su ci gaba, domin matar da aka danne wa gado ko sadaki ta fi sakin jiki a gaban 'yar'uwarta. Mai girma Sarki, ina roƙon a tattara tsofaffin takardun gonaki da na shari'a da ke gidajenmu a adana su kafin gara ta cinye.

Allah ya yi muku albarka.